Ni Na Kai Takardun Baba

Ku da kuka cika mini waya da "Thoan ki faɗa masa gaskiya mana," na ji ku. Faɗa da baki ai ba wuya, musamman ga wadda ke kwance a ɗakinta tana latsa waya. Yau dai ba zan rage muku komai ba, har da wurin da na ji kunyar kaina. Wanda kuma yau ya fara biyo ni, ga ni a taƙaice: sunana Thoan, shekarata ashirin da bakwai, ina duba ɗinki a wani kamfanin riguna a hanyar Thai Binh, kuma ni kaɗai iyayena suka haifa. Haka dai Inna take faɗa wa baƙi. Gaskiyar ita ce ni ce ta huɗu, ni kaɗai na rayu.

Babana, Chuc, ya yi shekara huɗu a dazukan A Luoi lokacin yaƙi, a ƙarƙashin jiragen Amurka masu feshin maganin kashe ganye. Ya ce kamar raɓa abin yake sauka, bayan 'yan kwanaki daji ya zube, su kuma su ci gaba da shan ruwan rafi don babu wani. A takarda sunanta gubar lemo. A gidanmu ba ta da suna, in dole ta kama sai Inna ta ce "abin nan." Biyu daga cikin yayyena ko sati ba su yi a duniya ba. Na ukun ya kai shekara tara bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Ni kuwa na zo da yatsu goma cif, Inna ta ce sau bakwai ta ƙirga su a ranar.

Yanzu Baba yana da ciwon suga, ƙafafunsa sun mutu daga gwiwa zuwa ƙasa, ga wani miki a diddige da ya ƙi warkewa tun bara. Gwamnati tana ba irinsu kuɗin wata-wata da katin asibiti mai sauƙaƙa magani. Takardunsa kuwa cikakku ne, abin da tsofaffin sojoji da yawa suke kuka a kai don nasu sun ɓata. Amma shekara goma sha ɗaya suna kwance cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, saboda doka ɗaya ta Inna.

"Sai Thoan ta yi aure."

Kada ku yi saurin zaginta. Ranar da aka amince da takardar mutum, sunansa zai hau allon ofishin gunduma, inda kowa ke zuwa ya karanta. Likitoci har yau ba su gama yanke magana a kan jikoki ba, amma kasuwa ta daɗe da yankewa: 'yar gidan gubar lemo ba a kai mata goron tambaya. Mutanen ƙauyenmu duk sun san namu, amma in baƙo ya zo bincike a kan 'yar gari, rufa mata ake yi, don kowa akwai abin da yake so a rufa masa. Allon ne kaɗai ba ya rufa wa kowa.

To ga laifina. A watan sha biyu na bara na tarar da Baba a bayan gida yana raba ƙwayar magani biyu da wuƙar yanka kabewa don ta kai shi ƙarshen wata. A daren da ya gabaci ranar ya taka garwashi bai ji ba, sai ƙauri Inna ta ji. Ban yi shawara da kowa ba. Na ciro gwangwanin, na je na samu Kawu Dam, abokin Baba na soja wanda ke shugabantar ƙungiyar waɗanda gubar ta shafa a ƙauyenmu, ya nuna mini inda ake sa hannu. Ni na riƙe wa Baba biro. Ranar da za a kai shi gaban likitocin tantancewa muka ce wa Inna wankin miki za mu je.

"Takardar gwamnati hawainiya ce," in ji Baba a kan babur ɗina, yana riƙe da rigata. "Kafin ta fito kin haifi biyu."

A lokacin ko sanin Khiem ban yi sosai ba. Likitan agwagi ne daga can bakin teku, dogo, mai kunya, kullum yana warin dusa duk turaren da zai fesa. Ya zo yi wa agwagin maƙwabtanmu allura ya taka mini takalmi, ya yi sati uku yana ba ni haƙuri a waya, har haƙurin ya zama wani abu daban. Ina son sa. Na faɗa muku a fili don kada ku ce aure kawai nake nema.

Matsalar ita ce uwarsa, Goggo Ngat. Khiem shekararsa talatin da uku, kuma 'yan mata biyar ta kore masa, kowacce da dalilinta. Ni sai da ta turo ƙanwarta har ofishin gundumarmu ta karanta allo daga sama har ƙasa. Ba ta ga sunan Baba ba. Sannan ta yarda, ta je wurin mai duba ya zaɓa mata ranar kawo goro: Juma'a, goma ga Agusta, tsakanin tara da sha ɗaya na safe. Washegari watan fatalwa zai kama, kuma ba mai hankalin da zai fara maganar aure a watan da aka buɗe wa matattu ƙofa.

Ranar Talata ina tsaye a layin ɗinki wayata ta yi motsi a aljihu. Kawu Dam ne, da manyan baƙaƙe kamar yadda yake magana.

"'YATA ALBISHIR. TA FITO. RANAR GOMA GA WATA ZA MU ZO GIDA DA MUTANEN HUKUMA MU BA SHI KYAUTA DA TAKARDA."

Goma ga Agusta. Ranar tunawa da waɗanda gubar lemo ta shafa, ranar da ake bi gida-gida da jakar kyauta ana ɗaukar hoto. Ni da na girma ina leƙen wannan mota ta taga, ban taɓa haɗa ranakun biyu a kaina ba. Mai duba da kalandar wata ya yi lissafinsa, Inna ma da ita take ƙirge, ni kuma hankalina yana kan rigar da zan sa. Rigar da ke hannuna na wuce da ita ba tare da na duba ba, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shugabar layi ta yi ta masifa ban ji ko kalma ɗaya ba.

Da na koma gida na tarar da Inna a durƙushe tana goge tayal ɗin falo da buroshin haƙori. An fitar da kujerun katako tsakar gida an shafa musu mai, an wanke labule, fankar tsaye ma an kwance ta an wanke fukafukanta. Na tsaya a bakin ƙofa da hular babur a kaina.

"Inna."

"Cire takalmi, ke ba ki ga na goge nan ba?"

"Inna, na kai takardun Baba."

Buroshin bai tsaya ba. Sai da ta gama layin tayal ɗin sannan ta ɗago.

"Waɗanne takardu?"

"Na gwangwani. Tun watan sha biyu. Sun fito, ranar Juma'a za su zo."

Da ma ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi daɓas a cikin ruwan sabulu.

"Kin kashe ni, Thoan. Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa mutumin nan ganye, ina kallon ƙafarsa tana ruɓewa, don ke. Saura kwana uku! Kwana uku kika kasa jira?"

"A lokacin ai ban san—"

"Rufe mini baki. Ke kika fi kowa tausayinsa ko? Ni da na binne uku ban san zafi ba, sai ke mai babur?"

Baba ya fito daga ɗaki yana dafa bango. "Mien, ni na sa hannu."

"Kai kuma yi mini shiru, tsohon banza! Sojan da ya kori jirage amma 'yar cikinsa ta ja shi da hanci."

"Ai ke ma kin ja ni shekara arba'in ban yi ƙara ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta nufi teburin kakanni, inda muke kunna wa mamatanmu turare, ta ɗauke ƙananan kofuna uku da take zuba wa yayyena ruwa kowace safiya, da 'yar farantin alewarsu, ta naɗe a tsumma ta sa a cikin buhun shinkafa. Magungunan Baba ma can suka bi su. Wannan ya fi faɗan yi mini ciwo.

Washegari da sassafe na je gidan Kawu Dam. Kunnensa ɗaya igwa ta cinye, ɗayan ma sai an yi ihu. Ku yi tunanin faɗar sirri da ihu, a ƙauyen da katanga ba ta wuce ƙugu ba. A ƙarshe a waya na rubuta na nuna masa. Ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni.

"Ba abin kunya ba ne, 'yata. Mu ba sata muka je yi dajin nan ba."

"Na sani, Kawu. Don Allah dai."

"Hana su zuwa ba zan iya ba, sunansa na cikin jerin, daga sama aka turo. Amma ni ke nuna wa direba hanya. Gida tara ne, zan sa naku a ƙarshe. Ƙarfe huɗu da rabi. Su naku baƙin yaushe za su tafi?"

"Kafin azahar."

"To me kike kuka a kai? Share hancinki, kin yi kama da babanki ranar da aka fara harbi."

Na koma gida da ɗan sauƙi. Allon ofis kuwa na ce a raina in goro ya riga ya hau teburin kakanni, magana ta ƙullu, sai in zaunar da Khiem in faɗa masa komai. Kun ga yadda mutum yake yi wa kansa wayo. Sau uku a satin nan na rubuta masa "Yaya, akwai maganar da nake so mu yi," sau uku na goge. Shi kuwa hotuna yake ta turo mini.

"Duba taye ɗin nan. Ja ko shuɗi?"

"Shuɗi. Ka yi wanka sau biyu, kada kakannina su ɗauka agwagwa aka kawo musu."

"Sau uku zan yi. Kina lafiya? Kwana biyu saƙonki gajere."

"Gajiya ce."

Ranar Juma'a tun ƙarfe takwas na gama shiri. Na sa doguwar rigarmu ta gargajiya, ao dai, ruwan ƙwai mai 'yan furanni a kafaɗa da farin wando, na ɗaure gashina a ƙeya, hoda kaɗan, jan baki kaɗan, don Goggo Ngat ta taɓa cewa mace mai jan baki sosai ba ta iya dafa miya. Inna ta sa rigarta ta siliki mai ruwan makuba. Baba aka sa masa farar riga da baƙar safa mai kauri don a rufe bandejin diddigensa, a wannan zafi na Agusta da ko kare ba ya fita rana. A kan tebur ga butar shayi, ga alewar cay an yanka an jera, ga 'ya'yan longan daga bishiyarmu.

Tara ta yi. Tara da rabi. Goma saura kwata saƙon Khiem ya shigo.

"Motar yashi ta kife a kan hanyar madatsa. Ba gaba ba baya. Kada ki damu."

Goma da rabi: "An kawo mai janyewa."

Sha ɗaya saura biyar: "Mun taho! Direba yana gudu kamar an biyo shi."

Ina tsaye a taga ina kallon agogon bango, ina kallon hanya. Sha ɗaya ta buga. Sha ɗaya da minti goma na hango farar mota ta shigo ta ƙofar ƙauye, ta rage gudu, ta tsaya a gindin bishiyar da Iya Ty take sayar da shayi. Ba ta ƙara motsi ba.

"Yaya, me ya faru? Ga gidanmu can kuna gani."

"Mama ta ce sa'a ta wuce. Ba za ta taka gidan mutane da goro a baƙar sa'a ba."

"Minti goma ne fa!"

"Na faɗa mata. Ta kira mai duba. Ya ce sa'a mai kyau ta gaba daga uku zuwa biyar. Za mu jira a nan."

Na karanta wa Inna. Ta dafa ƙirji ta zauna a hankali. Ba wanda ya ce Goggo Ngat ta yi ba daidai ba, don ko Inna ce haka za ta yi. Ni kaina da na ji labarin a gidan wasu, cewa zan yi matar ta san abin da take yi.

Awa huɗun nan ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Na kira Kawu Dam sau goma sha shida, wayar tana ta kuka a aljihun mutumin da ba ya jin igwa ma. Na tura saƙo, bai buɗe ba. Fita kuwa ba dama, yarinyar da za a kawo wa goro ba ta yawo a gari da kwalliya, ga motarsu a kan hanya ɗaya tilo da za a bi. Sannan ga Iya Ty. Matar nan bakinta ba ya riƙe ko ruwa, kuma an ajiye mata Goggo Ngat a kan benci har awa huɗu.

"Me suke cewa?" na tura wa Khiem.

"Mai shayin tana ta yabonki. Wai tun kina ƙarama kike ɗebo wa tsofaffi ruwa."

Ƙarya ce, ban taɓa ɗebo wa kowa ruwa ba. Allah ya saka wa Iya Ty.

Inna ta kunna turare ta tsaya gaban kakanni tana motsa baki. Baba ya ce a cire masa safar ko na minti biyar, ta harare shi ya yi shiru. Na yi lissafi ya fi sau ɗari: su shigo ƙarfe uku, gaisuwa minti goma, jawabi ashirin, goro ya hau teburi, shayi, sallama. Kafin huɗu sun tafi. Zai yiwu. Gumi ya jiƙa mini bayan riga har na koma tsayawa gaban fanka ina ɗaga hannuwa kamar kaza.

Uku daidai suka shigo. Goggo Ngat a gaba, gajera, a miƙe kamar sanda, da sarƙar lu'ulu'u da jaka a maƙale a hannu. Idonta ya zagaye falon sau ɗaya, na tabbata har ƙurar bayan agogo ta gani. Bayanta mijinta, Baba Luong, wanda ban taɓa jin ya haɗa kalma biyar ba. Khiem ne ƙarshe, da shuɗin taye, yana ɗauke da tire an rufe da jan ƙyalle: ganyen trau da goron cau da ake tauna tare, shayi da kwalbar giya. Ya ajiye a kan tebur, ya saci kallona, kunnuwansa suka yi ja.

Na zuba shayi, manya tukuna, da hannu biyu. Da na miƙa wa Baba Luong sai na ga hannunsa yana rawa har shayin ya zuba a wandonsa. Matarsa ta karɓe kofin ba tare da ta dube shi ba, da alama ta saba.

Jawabin da ya kamata miji ya yi, ita ta yi shi. Ta fara daga kakan kakan Khiem. Ta bi ta kan gonakinsu, da karatunsa, da yadda bai taɓa kwana a asibiti ba. Uku da kwata. Uku da ashirin da biyar. Ina tsaye bayan kujerar Inna idona yana kan agogo.

"Mu dai ba dukiya muke nema ba," in ji ta. "Lafiya muke nema, da asali mai kyau. 'Yar'uwa, ita kaɗai kika haifa ko?"

"Ita kaɗai Allah ya bar—ya ba mu," in ji Inna.

A nan na ji ƙarar mota.

Daga baya na ji dalili. Gida biyu a cikin taran, masu su sun rasu tun kafin ranar ta zo, ba a gyara jerin ba. Shi ya sa aka gama da wuri. Kawu Dam kuma ya ga ƙarfe uku ta wuce, ya tabbata baƙinmu sun daɗe da komawa bakin teku.

Shi ya fara shigowa, da kakinsa na soja da lambobi a ƙirji, baki har kunne. Bayansa wata jami'a mai takalmi mai tsini riƙe da takarda a cikin firam, sai wasu mata biyu, ɗaya da jakar kyauta, ɗaya ta ɗaga waya tana ɗauka. Kawu Dam ya ga jan ƙyalle a kan tebur. Na ga lokacin da murmushin ya mutu a fuskarsa. Ya juya zai tare su, amma jami'ar gida shida ta yi a ranar, bakinta ya riga ya saba.

"Barkanku da gida! A madadin hukuma da ƙungiyar waɗanda gubar lemo ta shafa, mun zo taya ɗan'uwa Chuc murnar—"

"Kun ɓata gida," in ji Inna. Ta miƙe tsaye, muryarta ko rawa ba ta yi. "Chuc biyu ne a ƙauyen nan. Ɗayan yana can bayan makaranta."

Jami'ar ta duba takarda, ta dubi Kawu Dam. Kawu Dam ya dubi silin. Chuc ɗaya ne a ƙauyenmu, kuma yana zaune a gabana, ya sunkuyar da kai yana kallon baƙar safarsa. Jini ya ɓullo ta diddigen ya yi tabo a kan tayal ɗin da Inna ta goge, shi bai ma sani ba. Na san in aka bar shi zai ce ba shi ba ne. Zai faɗa da bakinsa a gaban abokin da suka sha ruwan rafi ɗaya, ya koma raba ƙwaya da wuƙa.

"Nan ne," na ce. "Ba ku ɓata ba. Babana ne. Ni na kai takardun."

Na je na karɓi firam ɗin da hannu biyu, na kawo na ɗora masa a cinya. Ban kalli Khiem ba. Ba zan iya ba.

Mai ɗaukar hoto ta sauke wayarta. Ina jiran muryar Goggo Ngat, sai na ji wata murya daban, a dushe, kamar wadda aka daɗe ba a yi amfani da ita ba.

"Wane daji?"

Baba Luong ne. Baba ya ɗago.

"A Luoi. Daga saba'in zuwa saba'in da huɗu."

"Ni sittin da tara na shiga. Ta gefen yamma, wajen tsohon filin jirgi." Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya nuna wa Baba. "Shekara shida ke nan yana wannan rawar. Nawa takardun matata ta ƙone su."

"Luong!" Goggo Ngat ta daka masa tsawa. "Ka yi hauka ne?"

"Na gaji, Ngat."

Khiem ya miƙe a hankali. "Baba, ba ka ce a ma'ajiyar kaya ka yi soja ba? Mama, me yake faɗa? Yayata da kuka ce zazzaɓi ne ya—"

"Zauna."

Bai zauna ba. Goggo Ngat ma ta miƙe, ta gyara jakarta. Ta dubi Inna, ba ni ba.

"Nawa kika binne?"

Inna ta ce, "Uku."

"Ni biyu." Ta matso kusa da ita. "Kina tsammani don na fi ku nake bin alluna ina karantawa? Shekara bakwai ina nema wa yaron nan gidan da abin bai taɓa ba. Ba don namu yana da tsabta ba. Don ko gefe ɗaya ya zama lafiya, ko jikokina za su samu inda za su dafa. Yanzu ki ce in haɗa biyu? Ke da kika san yadda ake wanke gawar yaro, ke za ki haɗa?"

Inna hawaye kawai take yi, ba sauti. Na so in tsani matar nan, na shirya tsanarta tun watanni, amma abin ya ƙi zama.

Goggo Ngat ta ja jan ƙyallen ta rufe gefen tiren da ya buɗe. "Khiem, ɗauki. Mu tafi tun sa'a ba ta fita ba."

Ya ɗauka. Ƙofa tana hagunsa, teburin kakanni yana gabansa, taku uku. In tiren ya hau can an gama, ko uwarsa ba ta isa ta sauke shi ba. Ya tsaya a tsakiyar falo. Sai ya juyo gare ni. Fuskarsa ta yi fari fat, taye ɗin ya karkace.

"Thoan, ni ban tambaye ki don me kika ɓoye ba. Ni ma yanzu nake jin ko ni wane ne. Zan ɗora shi, ko Mama za ta yi shekara ba ta yi mini magana ba. Amma ke zan tambaya." Ya ja numfashi. "Kin ji abin da ke jinina. Za ki aure ni a haka?"

Kowa ya juyo. Inna, Baba, Kawu Dam da ya kanga hannu a kunne, har jami'ar.

Wata bakwai ina kwana ina tashi da tsoron ranar da za a gane ni a ƙi ni. Na tanadi kuka, na tanadi maganganun da zan faɗa wa duk wanda ya ce jinina bai yi masa ba. Ban taɓa tanadar amsar wannan tambaya ba. Ina son mutumin nan kamar raina, kalmar tana nan a kan harshena, guntuwa ce. Amma abin da ya tsaya mini a ido shi ne hannun Inna yana ƙirga yatsun jariri, sai dai wannan karon hannuna ne.

Ga abin kunyar da na ce zan faɗa muku. Khiem yana tsaye da tire a hannu yana jirana, ni kuma na ji tsoron jininsa, irin tsoron da uwarsa ta ji nawa, ba ragi ko kaɗan. Na buɗe baki, eh ɗin ya ƙi fitowa.